Rasuwar Gajeriya, Wadda Ta Rame Kilo Sittin da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau sabulu bai gama fitar da baƙin mai daga ƙarƙashin faratansu ba, tsohon mai gyaran rubutu na maɗaba'ar da ke bayan tasha yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari don su ce dama sun faɗa, rasuwar motarsa mai kujera biyu, wadda aka fi sani da Gajeriya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan hawan da ke bayan babban tankin ruwa na gari, tana da shekara talatin da huɗu a duniya, ashirin da biyu daga ciki a gidansa.

Mai sanarwa ya yi shekara talatin yana duba sanarwar mutuwar mutane kafin a buga, don haka ya san inda ake yin ƙarya a cikinta. A layi na uku ne, wurin da ake cewa "bayan gajeruwar rashin lafiya". Ya sa wa wannan jimla waƙafi fiye da sau dubu, har da wadda aka rubuta a kan matarsa, wadda ta yi wata goma sha huɗu a kwance. Ba zai ƙara ba. Jinyar Gajeriya shekara biyu ta ɗauka, kuma babu cutar da ta kama ta. Magani ne ya kashe ta, mai ba da maganin kuwa shi ne yake riƙe da wannan alƙalami.

Ba shi ya zaɓe ta ba. Matarsa ce, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, ta gan ta a wurin masu sayar da tsofaffin motoci a shekarar da 'yarsu guda ɗaya ta tafi jami'a. Mota ce ta tsere, koriya mai duhu, cikinta na kusan shafar ƙasa, kujerunta biyu kacal. Dangi suka taru suka ce wannan ba motar masu hankali ba ce, ina za a sa kaya, ina za a sa baƙo? Malamar ta ce ai shi ya sa. Daga ranar babu wanda ya ƙara roƙon a rage masa hanya, kuma aurensu ya samu lafiyar da bai taɓa samu ba.

Marigayiyar tana da halayen kirki, kuma mai sanarwa zai faɗe su ba tare da ƙarin gishiri ba, tun da babu mai gado da zai ji haushi. Ba ta taɓa ɗaukar gulma ba, don babu mazaunin mutum na uku. Ta koya wa manya tawali'u, domin duk girman mutum sai ya rusuna kafin ya shiga, sai kuma ya yi nishi kafin ya fita. Ba ta son safiya, ba ta kuma ɓoye hakan. Sai an murza makulli sau biyu, ta yi kir-kir-kir kamar mai neman uzuri, ta yi tari ɗaya, sannan ta kama da wata murya mai kauri da ke sa tattabarun maƙwabci su tashi daga kan katanga. Ƙofar ɓangaren direba garam take rufuwa. Ta ɓangaren malamar kuwa ɗas, a hankali, kamar an rufe littafi.

Amma muryar da aka fi saninta da ita ba ta inji ba ce, ta altaneta ce, wato wannan dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a gefen inji yana cika batir. Na Gajeriya tsoho ne, mai nauyi kamar kan rago, yana zaune a ɓangaren direba a kan wani biraket na zubin ƙarfe mai kaurin tafin hannu. Tun daga ranar farko yana wani siririn kuka, wiiii, wanda ke hawa sama in an taka mai, ya sauko in an saki. Bakaniken gidan, mutum mai ƙarancin magana da ya riƙe motar tun zuwanta, ya sha cewa a bari ya canja shi. Malamar ta hana. Ta ce altanetan ne kaɗai a gidan yake faɗin gaskiya game da gudun mijinta. In kukan ya kai wani wuri da ita kaɗai ta sani, sai ta ɗora hannu a gwiwarsa, shi kuma ya ɗage ƙafa. Shekara ashirin ana haka, kuma bai taɓa gane daidai inda wurin yake ba.

Jinyar ta fara ne wata biyu bayan rasuwar malamar, ranar da ya sake fitar da motar. Akwai wani jan fensir da take makin takardun ɗalibai da shi, wanda ya yi shekaru yana kwance a ɗan dandamalin da ke gaban kujerarta, ba ya motsi ko an shiga rami. Ranar, kafin ya kai ƙarshen layinsu, fensirin ya gangaro a hankali, ya bi tsawon dandamalin, ya faɗo a cinyarsa. Ya mayar da shi. Ya sake gangarowa. Mai sanarwa ya karanta littattafai da yawa, isassun da za su hana mutum yarda da irin abin da ya faɗo masa a rai. Duk da haka ya tsaya a gefen hanya, ya kashe mota, ya zauna har rana ta juya, fensirin yana hannunsa.

Bakanike bai karanta littattafan ba, shi ya sa ya gane abin nan take. Ya ce wa mai sanarwa ya zauna a mazauninsa, ya ɗauko awo ya auna daga ƙasa zuwa bakin taya ta kowane ɓangare. Ya ce motar ba ta da nauyi, sifirin ɗinta kuma sun yi laushi, da mutum biyu suke zama daidai, yanzu da mutum ɗaya ta karkata wajen direba da yatsa ɗaya da rabi.

"Ba wani abu ba ne, Malam," in ji shi. "Ka sa buhun yashi a kujerar, shi ke nan."

"Shekara talatin da takwas na zauna da ita," in ji mai sanarwa, "ban taɓa ganin ta yi kama da buhun yashi ba."

Bakanike ya naɗe awonsa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ba haka yake nufi ba. An san ba haka yake nufi ba. Amma maganar ta riga ta fita, kujerar kuma ta haramta ga komai daga ranar: ba yashi, ba siminti, ba jarida, ko hular kansa bai ƙara ajiyewa a wurin ba.

To in ba za a ƙara wa ɓangarenta ba, sai a rage wa nasa. Wannan tunani ya zo masa yana wanke kofi, kuma ya ɗauke shi a matsayin wayo. Abin da ya rage shi ne sanin nawa za a rage. Ya buɗe katin asibitinta. A shafin farko, kafin a san sunan ciwon, an rubuta kilo sittin da ɗaya. A shafin ƙarshe, da rubutun wata mai jinya mai gaggawa, talatin da tara. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu. Talatin da tara ta fi sauƙin cimmawa, amma wannan matar ba ta taɓa shiga motar ba. Ya ɗauki alli ya rubuta sittin da ɗaya a bangon gareji.

Sikelin da ya yi aikin shi ne na banɗaki, wanda likita ya ce a riƙa ɗora ta a kai duk ranar Lahadi, yana riƙe da gwiwar hannunta, yana karanta mata lambar da ƙarin kilo ɗaya. Tana sane. Malamar lissafi ce. Yanzu sikelin ya koma gareji, kuma sassan mota ba sa bukatar a yi musu ƙarya.

Kujerarsa ce ta fara tafiya, mai fata da soso da ƙarfen turawa gaba da baya, aka sa wani ƙoƙon roba mai kama da kwanon wanki, wanda ya rage kilo goma sha bakwai ya kuma ba shi ciwon baya. Batir, da ke bayan kujerar, aka canja shi da ƙarami. Aka fede ƙofarsa, aka cire injin ɗaga gilashi da sifika da marfin ciki, ta koma kwano zalla, ta daina garam ta koma kwas. Jak da sifanu suka bar but ɗin bayan motar. Ya kwana biyu yana kankare kwaltar da ke ƙarƙashin shimfiɗar ƙafarsa da wuƙar kicin, ya tara ta a leda ya auna. Salansa, wadda ta bi ta ɓangarensa, aka yi mata sabuwa mai sirara. Shi kansa ya zube kilo biyar a wannan lokaci, amma bai sa su a bango ba. Ramar baƙin ciki ba a dogara da ita, tana iya dawowa ba sallama.

A hamsin da biyar abu ya tsaya. Babu sauran abin cirewa a ɓangarensa sai sitiyari da shi kansa, da kuma abu ɗaya da ya yi ta kewayewa kamar mai bin bayan gidan da ake makoki. Fensiri har lokacin yana gangarowa, sai dai a hankali, yana tsayawa a hanya kamar mai shawara.

A cikin waɗannan watanni ne 'yarsa ta zo, ta tsaya a bakin gareji da jaka a kafaɗa, ta dubi ƙofar da aka fede da lambobin da ke bango.

"Baba, wannan mota ce ko ƙwarangwal?"

Ya ce mata ana kan aiki.

"Ɗakinka yana nan a gidana, na sa labule, na sa kantar littattafai. Ka sayar da ita ka taho. Baba, ba Mama ba ce."

"Na sani, uwata. Ni na duba sanarwarta, har na gyara musu kwanan wata."

Ta juya ta shiga gida ta wanke masa kwanukan sati guda da ƙarfin da bai kamaci kwano ba. Tana da gaskiya, irin ta uwarta, mai zuwa ba a shirya mata ba.

Wata biyar ya yi yana kare tsohon altaneta. Daga ƙarshe bakanike ya nuna masa wani sabo a cikin kwali, ɗan mitsitsi, mai sheƙi, kilo uku da rabi, alhali tsohon bakwai da rabi ne. Ya zo da biraket ɗinsa na alminiyam, giram ɗari takwas, a madadin na ƙarfen mai kilo biyu da rabi. Mai sanarwa ya yi lissafin a tsaye. Hamsin da biyar da huɗu, da ɗaya da ɗigo bakwai. Ya ce a ɗaura. Da aka kwance tsohon, bakanike ya miƙo masa shi da hannu biyu, da sauran ɗumi a jikinsa, shi kuma ya karɓa bai san inda zai ajiye ba.

Sabon yana aiki ba aibu. Ba ya kuka, ba ya tari, ba ya da ra'ayi, kamar surukin kirki. Ranar farko da ya hau babban titi ya taka mai, ya saurara, bai ji komai ba sai iska a cikin ƙofar da aka fede. Ya ƙara takawa. Gwiwarsa tana ta jira. Ya wuce inda ya kamata ya juya da tafiyar minti goma kafin ya tuna ƙafar tasa ce, shi zai ɗage ta.

Saura giram ɗari uku. Mai hankali zai ce giram ɗari uku ai kofin shayi ne, a bar shi. Amma mutumin da ya taɓa tsayar da injin buga littafi saboda waƙafi ɗaya ba ya cikin waɗannan masu hankali. Ya koma wurin bakanike ya ce a huda biraket ɗin, a rage masa nama.

"Malam, ƙarfe ma yana da haƙƙi. In na huda wannan, rariya zai koma."

"Rariya ba ta da nauyi."

"Ba da hannuna ba. Ka je wani ya yi maka, amma kada ka ce ni na aike ka."

Bai je wurin kowa ba. Ya ari na'urar huda a wurin kafinta, ya kwance biraket ɗin da kansa wata safiya, ya matse shi a kan benci, ya huda masa rami tara. Bayan kowane rami sai ya share garin alminiyam ɗin ya zuba a ma'aunin kicin. A rami na tara ya cika. Ya mayar ya ɗaure, ya goge bango da tsumma, ya shiga, ya ɗora fensiri a wurinsa, ya tuƙa har bayan gari ya dawo. Fensirin bai motsa ba.

Ya kamata a rubuta a nan cewa ya yi farin ciki. Sati uku ya yi yana tuƙa motar da ta zauna daidai, shiru, ba mai kuka, ba mai gangarowa, ba mai taɓa shi. Ya samu abin da ya nema cif-cif, kuma bai taɓa zama shi kaɗai irin na waɗannan makonni ba. Ashe gangarowar nan ita ce kaɗai abin da ke zuwa wajensa daga wancan ɓangare, shi kuma ya yi shekara biyu yana aiki tuƙuru don ya hana ta. Ya cire fensirin ya kai ɗaki. Masu cewa garin gyaran gira ake rasa ido sun yi wa abin sauƙi, don su aƙalla girar ba ta gyaru ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talata, a tsakiyar hawa, biraket ya tsage tsakanin rami na shida da na bakwai. Altaneta ya sunkuya, fambel ɗin da ke juya shi ya zame ya faɗi a kwalta. Fambel ɗin nan guda shi ne kuma ke juya famfon da ke zagaya ruwa a cikin inji. Da tsohon altaneta ne, da kukansa ya yanke nan take, kuma yankewar kukan da aka yi shekara ashirin ana ji ta fi kowace ƙararrawa. Sabon kuwa da ransa da mutuwarsa duk sauti ɗaya ne. Jar fitila ta kama a gaban mota, allurar zafi ta hau, an tabbatar masa da haka daga baya. Bai duba ba. Shi mai karanta haruffa ne, lambobi da allurai aikin malamar ne tun farko, ita ke leƙowa ta ce mai ya kusa ƙarewa. Ya ci gaba da taka ta tana hawa, tana dafuwa a ciki ba ta ce uffan ba. Ya taɓa zama da wata a ɗaki ɗaya tana haka kusan shekara, yana karatu, yana yaba mata rashin ƙorafi.

Sai wari ya zo, kamar an manta tukunya a wuta. Sai tak-tak-tak daga can ƙasa, a hankali, sannan da sauri. Sai wani dogon huci, fuuu, farin tururi ya rufe gilashi. Ta ƙara taku kamar goma da ƙarfin hali, ta yi ƙyas, ta tsaya. Ya murza makulli sau biyu yadda take so. Ko kir ba ta ce ba.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan sanarwa, kuma ana roƙon mai karatu ya rage sauri. Ya ja birkin hannu ya fita. Alamar gargaɗin da ake ajiye wa motocin baya tana gida, tana cikin hamsin da biyar ɗin nan, don haka ya gangara ya nemi reshen itace ya ajiye a kan kwalta, kamar taku talatin daga motar. Ya miƙe ya juyo.

Garejinsa ƙunci gare shi. Ɓangaren malamar yana manne da bango, ta gefe yake shiga ta gefe yake fita, kuma a shekara biyun nan duk awon da aka yi yana zaune a ciki aka yi shi. Bai taɓa tsayawa daga nesa ya dube ta ta baya ba kowa a ciki ba. Yanzu ya duba. Gajeriya tana tsaye a kan hawa, tururi na tashi daga gabanta, ta karkata wajen kujerar malamar, kafaɗa ɗaya ƙasa, da yatsa ɗaya da rabi.

Ya san wannan tsayuwa. Shekaru da dama malamar kan tashi daga makaranta ƙarfe biyu ta zo ta ajiye motar a tsallaken maɗaba'a, ta koma kujerarta don shi zai tuƙa zuwa gida, ta buɗe takardun ɗalibai a cinya. Shi kuma ya leƙo ta taga ya nuna mata yatsu biyar, wato minti biyar, ya koma ya yi awa guda yana farautar kuskure. In ya fito ƙarfe huɗu, tun kafin ya hango kanta, karkatar motar ce ke gaya masa tana ciki, ba ta yi fushi ta tafi ba. Ita ce wannan, ba ragi ba ƙari. In ka cire sittin da ɗaya daga wannan gefe, daidai yake da ka ɗora sittin da ɗaya a wancan. Ɗalibar aji ɗaya ta san haka. Shi sai da ya kashe mota ya sani. Shekara biyu yana zaton yana goge gurbinta ne, ashe zaunar da ita yake yi, giram bayan giram, kuma tana nan zaune duk lokacin da ya fita ya ba ta baya.

Bai matsa ba har mai janwe ya iso, wani ƙato mai tawul a wuya. Ya sauko da sarƙa a hannu, ya nufi motar, sai ya rage tafiya, ya zagaya ta wancan gefe ya sunkuya ya leƙa ta gilashi.

"Baba, da mutum a ciki ne?"

"Me ka gani?"

"Ba kowa. Zamanta ne kamar an zauna."

"To ka ja a hankali."

Ya ja a hankali, Allah ya saka masa. Mai sanarwa ya ƙi shiga gaban janwe, ya tari wata mota ya ce a bi su a baya.

Marigayiyar ta rasu ta bar tsohon altaneta, wanda ke kan kanta a gareji cikin ƙoshin lafiya, kuma in an juya shi da hannu har yanzu yana fara wiii kafin ya gaji. Ta bar biraket na zubin ƙarfe, shekara talatin da huɗu ba tsaga ko ɗaya, wanda aka sallama daga aiki saboda laifin ƙiba. Ta bar kujerar fata mai ramin jikin mai ita, da jak, da sifika, da ledar kwalta. Ta bar sabon altaneta, wanda ba abin da ya same shi, kamar yadda aka saba ga masu shiru. Ta bar bakanike, wanda ya buɗe inji ya duba ya rufe, ya ce injin ya buga, bai kuma ƙara kalmar da yake da ikon ƙarawa ba, abin da ya sa mai sanarwa yake ganin ya fi yawancin marubuta sanin aikinsu. Ta bar 'ya guda ɗaya da ba ta taɓa samun wurin zama a cikinta ba. Ta bar mai ita.

An yi ƙoƙarin ceto, kuma ya dace a ambata. Bakanike ya ce ya san inda akwai inji irin nata mai sauran rai. A sa shi, a mayar da tsohon altaneta da biraket ɗinsa da kujera da komai, sati biyu ta tashi kamar ba a yi ba. 'Yar ta goyi baya, don mota mai tafiya tana samun mai saye, uba marar mota kuma yana samun ɗaki mai labule. Mai sanarwa ya nemi kwana uku. Ya duba maganar gaba da baya yadda yake duba shafi. In an mayar da sassan, motar za ta miƙe tsaye, kujerar ta koma kujera. In an sa inji kaɗai an bar ta yadda take, dole ya shiga ya tuƙa, kuma da zarar ya zauna sai ta daidaita, wadda ke ciki ta tashi. Babu yadda za a yi su kasance a ciki su biyu. Ya nemi kuskure a wannan lissafi har kwana ukun suka cika bai samu ba, wadda za ta iya samo masa shi kuwa ita ce ake magana a kanta. Ya gode wa bakanike. Ya gaya wa 'yarsa ta ba jikansa ɗakin.

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya kai mu. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe za a ɗauki dukan sassan da aka cire, daga kujera har ledar kwalta, a kai su wurin masu narka ƙarfe da ke bayan gada, domin kada wani mai kyakkyawar niyya ya mayar da su bayan ran mai ita. Tsohon altaneta shi zai shiga wuta a ƙarshe. An yarda bakanike ya juya shi sau ɗaya kafin nan, kuma ana roƙon jama'a su yi shiru a lokacin.

Gawar kanta ba za a kai ta ko'ina ba. Bayan an dawo za a turo ta daga gareji a ajiye ta a ƙarƙashin itacen da ke ƙarshen filin gidan, bayanta yana duban ƙofar falo. Masu turawa su tura daga tsakiya. Bakanike ya ɗauki alkawarin zuwa duk sati ya duba iskar tayoyi huɗun su zama daidai, don kada wani ya ce ai faci ne. Makulli yana hannun 'yarsa, ta karɓa ta sa a jaka.

Za a karɓi gaisuwa a falo daga ƙarfe goma sha biyu zuwa uku. Masu son cewa dama sun faɗa an ware musu rabin awar farko, su zo da wuri. Kada a jingina da motar, kada a ɗora mata kofi, kada yara su hau, kada kowa ya taɓa ƙofar wancan ɓangare. Ƙarfe uku da rabi ana so kowa ya kama hanya, ba don rowa ba.

Ƙarfe huɗu mai sanarwa zai fito daga ƙofar falo, ranar da kowace rana bayanta. Ba ya bukatar rakiya. Taku talatin ne tsakaninsa da ita, kuma ba ya da niyyar ƙarasawa.